Abin da Haske Ke Faɗa a Kan Jini

Duk wanda ya san ƙasar da ta tashi daga fadamar Tarka a Madawa, ta haura duwatsun Buza da kwarin Majiya har ta dangana da Keita, ya san cewa watannin da manomi ya fi sa rai a cikinsu su ne kuma watannin da uwaye suka fi zama cikin fargaba. Domin daga Agusta zuwa Oktoba, sa'ad da hatsin bara ya ƙare a rumbu na bana kuma bai gama nuna ba, a daidai nan ne sauro ke yawaita, masassara ta bi gida-gida, a riƙa ɗauko yara bisa babur da amalanke daga Bangi da Sabon Gida, daga Karofane da Tama, daga Tamaske da Garhanga, ana nufar likita da su. A cikin maganganun da ake ji a ƙofar ɗakin yara a wannan lokaci kuwa, babu wadda ta fi maimaituwa, babu kuma wadda ta fi karya zuciya, kamar a dubi uwa a ce mata yaronki ba shi da jini. Tun bayan yunwar 2005 ƙungiyar likitocin nan ta MSF take aiki tare da ma'aikatan gwamnati a asibitin gundumar Madawa, ta kuma yi shekaru a Buza, babban abin da ya tsayar da ita shi ne wannan haɗuwa ta tamowa da masassara da ƙarancin jini. Mas'alar da nake so mu warware a nan ita ce: da wane dalili ma'aikacin lafiya yake yanke wannan hukunci, alhali bai zubar da jinin yaro a mudu ya auna ba? Amsar a taƙaice ita ce launi, launi kuwa aikin haske ne. Amma a ƙarƙashin wannan taƙaitacciyar amsa akwai ilmi mai zurfi da ya kamata mai jinya ya san wani abu daga cikinsa, don ya gane abin da na'ura take iya faɗa da abin da ba ta da ikon faɗa.

Jini, in an bar shi ya kwanta a kwalba ba tare da ya daskare ba, rabuwa yake biyu: ruwa mai ɗan rawaya a sama, jajayen ƙwayoyi a ƙasa. A cikin kowace ƙwaya ja akwai wani furotin da ake kira himoglobin, wajen guda miliyan 270, kowane guda an gina shi da sarƙoƙi huɗu, kowace sarƙa tana rungume da wani zobe mai ɗauke da ƙwayar zarra ɗaya ta ƙarfe a tsakiyarsa. A jikin wannan ƙarfe ne iskar oksijin ke maƙalewa idan jini ya ratsa huhu, daga nan kuma take sauka idan ya isa ga tsoka da ƙwaƙwalwa da sauran gaɓoɓi. Ibn Nafis, malamin ɗibbu da ya yi karatu a Dimashƙa ya rasu a Alƙahira a 1288, ya riga ya tabbatar da cewa jini yana fita daga sashen dama na zuciya ya bi ta huhu ya gauraya da iska kafin ya komo sashen hagu. Sai dai gane abin da ke ɗaukar iskar ya jira har ƙarni na 19, lokacin da Bajamushe Felix Hoppe-Seyler ya haska haske ta cikin jini a 1862 ya ga abin da ya ɓace daga hasken, sa'an nan ya raɗa wa sinadarin suna a 1864. Don haka idan an ce yaro ba shi da jini, galibi ruwan yana nan yadda yake. Himoglobin ne ya yi ƙaranci.

Game da haske, tun zamanin Ibn Haisam, wanda ya wallafa Kitabul Manazir a Masar a farkon ƙarni na 11, aka kafa hujja cewa gani yana samuwa ne da hasken da ya taso daga abu ya shiga ido. Farin hasken rana kuwa taron launuka ne, kamar yadda bakan gizo ke bayyanawa bayan ruwa, kuma abin da ya raba launi da launi shi ne tsawon zango. Mai sauraron rediyo ya saba da gajeren zango da matsakaicin zango, to haske ɗan'uwansu ne na haƙiƙa, illa dai zangonsa ya yi gajarta har sai an auna shi da nanomita, wato kashi ɗaya cikin miliyan na milimita. Ido yana gani daga wajen 400, inda shunayya take, ya bi ta shuɗi da kore da rawaya, ya tuƙe a wajen 700, inda ja yake. Bayan ja akwai wani haske da ido ba ya riska amma na'ura tana riskarsa. Kowane abu yana shanye wasu zanguna ya saki wasu, abin da ya saki shi muke kira launinsa. Himoglobin mai ɗauke da oksijin yana shanye shunayya da ƙarfin gaske a wajen 415, yana shanye kore da rawaya a wurare biyu, wajen 542 da 577, sa'an nan ya buɗe wa ja hanya ya wuce. Shi ya sa jinin da ya fito daga huhu yake ja wur. Da zarar ya sauke oksijin, sai waɗannan wurare biyu su narke su koma ɗaya a wajen 555, ya kuma fara shanye wani rabo mai yawa na ja, sai jinin ya yi duhu. George Stokes ne ya bayyana wannan juyi a 1864, amma duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai yanka ran layya ya ga nau'in biyu da idonsa, mai tsartuwa da haske da mai malala da duhu.

Saura ƙa'ida guda, wadda a kanta aka gina dukkan awon da za mu ambata. Ka ɗauki ɗan kofin gilashi na shayi ka ɗaga shi sama wajen haske: na farko, wanda ganye ya dahu a ciki sosai, haske da ƙyar yake ratsa shi; na uku, bayan an yi ta ƙara ruwa, kana hango yatsanka ta bayansa; in kuma ka zuba shayi iri ɗaya a ƙaramin kofi da babba, na babban zai fi duhu saboda hasken ya yi doguwar tafiya a ciki. Masana uku, Bouguer a 1729, Lambert a 1760, da Beer a 1852, su suka mayar da wannan lissafi, suka nuna cewa gwargwadon hasken da ruwa ya shanye yana bin kaurin abin da aka narkar a ciki da kuma tazarar da hasken ya keta. To idan an tsayar da tazarar ba ta sauyawa, aka san hasken da ya shiga, aka auna wanda ya fita, an san yawan himoglobin ke nan.

Ma'auni na farko, kuma har gobe shi ne ya fi yawa a ƙauyukanmu, ido ne. A ƙaramar likitar ƙauye, inda babu lantarki babu ɗakin awo, ma'aikaci yakan fito da yaro bakin ƙofa wajen hasken rana, ya sa babban yatsa ya ja fatar idonsa ƙasa ya dubi cikinta, ya ce a buɗe baki ya ga harshe da dasashi, sa'an nan ya buɗe tafin hannun yaron a hankali, ba tare da ya miƙar da yatsun da ƙarfi ba don kada jinin ya gudu, ya ajiye shi kusa da nasa tafin ya gwada. An zaɓi waɗannan wurare ne saboda baƙin fata bai rufe su ba, ƙananan jijiyoyi kuma suna kusa da sama. Tsarin kula da cututtukan yara da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka shimfiɗa a shekarun 1990, wanda ma'aikatan Nijar ke kira PCIME, ya dogara a kan wannan dubawa: tafin da ya ɗan kwaɗe a ba da magani a gida, wanda ya yi fari fat a tura asibiti ba da jinkiri ba. Ni ba na cikin masu raina wannan awo, domin idon tsohon ma'aikacin lafiya da ya ga dubban tafuka ya ceci rayukan da Allah kaɗai ya san adadinsu. Amma wajibi ne a faɗi iyakarsa. Yana kama ƙarancin da ya tsananta, yana kuskure matsakaici. Hasken tocila da dare yana ɓata shi. Ciwon ido yana jajanta fatar idon wanda jininsa ya ƙare. Mace mai ciki da ta zo awo da lalle a tafi da farce ta rufe ƙofa ɗaya daga ƙofofin dubawa. Kuma mutum biyu suna iya duban tafi ɗaya su saɓa.

Saboda wannan saɓani aka yi ta neman abin da zai tsayar wa ido mizani. A 1900 Tallqvist na ƙasar Finlan ya buga takarda mai jerin launukan ja, a ɗiga jini a takardar shan ruwa a gwada da su. A 1902 Hermann Sahli na Suwizalan ya fito da kwalbar da ake zuba jini a cikin ruwan asid ya koma ruwan ƙasa, a yi ta ɗiga ruwa har ya dace da launin gilashin da ke gefe. Tsofaffin ma'aikatan ɗakin awo a ƙasar Hausa duk sun yi aiki da ita. A shekarun 1990 Hukumar Lafiya ta Duniya ta gyara dabarar Tallqvist ta fitar da kati mai launi shida, daga 4 zuwa 14, mai araha, marar buƙatar batir. Duk waɗannan, a ƙarshe ido ne alƙali. Wanda ya raba gardama shi ne awon da Drabkin da Austin suka tsara a Amurka a shekarun 1930, inda ake juyar da kusan dukkan nau'o'in himoglobin su koma nau'i guda mai tabbataccen launi, sa'an nan na'ura ta auna shan haskensa a zango 540. Wannan har yau shi ne asalin da ake komar da sauran awo gare shi, sai dai yana buƙatar ɗakin awo da lantarki da ruwan magani mai guba.

Abin da ya kawo wannan ilmi kusa da gadon marar lafiya a wurare irin namu shi ne ƴar na'urar nan ta HemoCue da ake ƙerawa a Suwidin, wadda ba ta fi a riƙe ta a hannu ɗaya ba, tana kuma aiki da batir. Ga yadda aikin yake in an yi shi bisa ƙa'ida. A goge yatsa da auduga mai alkol a bari ya bushe, a soka gefen kan yatsa, a share ɗigo biyu ko uku na farko, a jira wani ya taru da kansa. Sai a kawo ɗan farantin roba mai siririn rami a baki a taɓa ɗigon, ramin ya zuƙe jinin da kansa a lokaci guda, abin da bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari na mililita ba. A goge bayan farantin, a duba ko kumfar iska ta shiga, a sa a aljihun na'ura a tura. A nau'in da ake kira 201, busasshen magani ne a cikin ramin yake fasa ƙwayoyin ya juyar da himoglobin, na'urar ta haska zango 570 don awo, ta kuma haska 880 don ta cire lissafin gurɓatar da ba ta himoglobin ba. Kafin minti ɗaya lamba ta fito. Lambar tana nufin giram nawa ne a kowace desilita, wato kashi ɗaya cikin goma na lita. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, namiji baligi da ya gaza 13, mace da ta gaza 12, mai ciki da yaro ƙasa da shekara biyar da suka gaza 11, suna da ƙarancin jini, ko da yake a 2024 an sassauta wa ƴan wata 6 zuwa 23 da mai ciki a watanni uku na tsakiya aka mayar da tasu iyaka 10.5. Ƙasa da 7 ga yaro ko mai ciki tsanani ne. Idan ta kai 4 ko ƙasa, ƙarin jini ya wajaba. Tsakanin 4 da 6 ma ya wajaba in yaron yana haki, ko hankalinsa ya gushe, ko zuciya ta fara gazawa. Da irin wannan na'ura aka yi babban binciken lafiyar iyali na Nijar a 2012, wanda ya sami ƙarancin jini ga kashi 73 cikin ɗari na yara ƴan wata 6 zuwa 59, da kashi 46 na mata masu shekarun haihuwa.

Lamba tana da kwarjini, mai jinya da ma'aikaci duka sukan sallama mata. Amma lamba ƴar hannun da ya ɗauki jinin ce. Yaron da ya galabaice yatsunsa sun yi sanyi, jini ba ya fita, gaggawa ta sa a matse yatsan, ruwan tsoka ya gauraya da ɗigon ya tsinka shi, sai na'ura ta faɗi ƙasa da gaskiya. Alkol da bai bushe ba haka. Farantin da bai cika ba, ko aka cika shi sau biyu, haka. Maganin da ke cikin farantin 201 kuma ba ya jure laima, kwalbar da aka buɗe wata uku ne wa'adinta, kuma an so a ajiye ta inda zafi bai wuce digiri 30 ba, alhali kowa ya san yadda ɗakin kwano yake a Keita ko Buza cikin Afrilu da Mayu, ya san kuma damshin Agusta, wanda shi ne lokacin da aka fi buƙatar awon. Don wannan ne kamfanin ya fito da nau'in 301, marar magani a farantinsa, mai auna ɗanyen jini a zango 506 da 880, wanda ya fi jimirin zafi da laima. A ganina, wanda zai sayo wa likitocin yankin nan na'ura ya fara tambayar inda za a riƙa samun farantinta kowane wata da inda za a adana su, kafin ya tambayi kuɗinta.

Na'ura ta biyu ita ce ƴar maƙalar nan da ake sa wa a yatsa, mai jar fitila a ciki, wadda annobar korona ta sanar da mutane da yawa, sunanta oksimita. Tambayar da take amsawa daban ce: a cikin himoglobin ɗin da ke nan, kashi nawa ne ke ɗauke da oksijin? Karl Matthes a Jamus ya fara gwadawa a 1935, Glenn Millikan ya ƙera ta kunne don matuƙan jiragen yaƙi a farkon shekarun 1940, amma duk sun sha wahalar raba hasken da jini ya shanye da wanda fata da ƙashi da tsoka suka shanye. Injiniya Takuo Aoyagi na kamfanin Nihon Kohden a Japan ne ya gano mafita a 1972: da kowane bugun zuciya jijiyoyin yatsa suna ɗan kumbura su saki, hasken da ke ratsawa yana ɗan raguwa ya ƙaru, wannan ɗan motsi kuwa na jinin da ya taso daga zuciya ne shi kaɗai, tun da ƙashi da fata ba sa bugawa. Sai aka sa fitila biyu, ja mai zango 660 da ta bayan ja mai zango 940. Himoglobin da ya sauke oksijin ya fi shan ta farko, mai ɗauke da shi ya fi shan ta biyu, na'ura ta kwatanta motsin biyun ta fitar da kashi. Mai lafiya yana tsakanin 95 da 100. Yaron da ya sauka ƙasa da 90 yana buƙatar a sa masa oksijin. Fa'idarta a ciwon haƙarƙarin yara, wanda ke yawaita da hunturu da ƙurar bazara, ba ta misaltuwa, domin tana nuna yaron da iska ta gaza masa tun yana iya shan nono. Shi ya sa ƙungiyar ALIMA da abokan aikinta, da kuɗin Unitaid, suka gwada shigar da ita ƙananan likitoci a Nijar da Mali da Gine da Burkina Faso a shirin da ake kira AIRE.

A nan ne nake roƙon mai karatu ya tsaya ya natsu, domin nan ne wurin da ruɗu ke kashewa. Giram ɗaya na himoglobin yana ɗaukar kimanin mililita 1.34 na oksijin. Yaron da masassara ta farfasa masa ƙwayoyi har ya koma giram 4, in huhunsa lafiya lau ne, wannan ɗan abin da ya rage zai cika da oksijin tam, oksimita ta rubuta 98, kuma ba ta yi ƙarya ba. Amma abin da ke isa ga ƙwaƙwalwarsa sulusi ne na abin da yaro mai giram 12 ke samu. Haka nan alamar da littattafai ke koyarwa, cewa leɓe da harshe suna yin shuɗi in iska ta gaza, ba ta bayyana sai himoglobin marar oksijin ya kai kimanin giram 5 a desilita a ƙananan jijiyoyi. Wanda dukkan abin da ya mallaka giram 4 ne, ta ina zai yi shuɗi? Zai iya shaƙewa har ajali harshensa yana fari. Saboda haka na'urorin nan biyu ɗaya ba ta wadatarwa daga ɗaya, kuma likitar da aka ba oksimita aka hana ta ma'aunin himoglobin, a ƙasar da masassara ke sarauta wata uku a shekara, an bar ta da rabin sani.

Akwai kuma halaye da oksimita ke ruɗuwa ita kanta. Da hunturu, idan aka shigar da kaskon gawayi ɗaki aka toshe ƙofa da taga, ko aka tayar da janareto a cikin gida, iskar guba marar wari marar launi tana taruwa, wadda ke kama himoglobin da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200. Jinin da ta kama ja ne mai haske, kuma a zango 660 shan haskensa kusan ɗaya ne da na mai oksijin, sai na'ura ta rubuta lamba mai kyau ga mutumin da ke halaka. Wasu magunguna da wasu gishirin taki da ke tsiyaya cikin rijiya suna sauya ƙarfen himoglobin ya kasa ɗaukar iska, jinin ya koma ruwan ƙasa mai duhu, na'urar kuma ta lafe a wajen 85 ko ya ya aka yi. Yatsa mai sanyi, da yaro mai mutsu-mutsu, da hasken rana da ke faɗa wa na'urar kai tsaye, da jan farce, da baƙin lalle mai kauri, duk suna ɓata karatu, kuma maƙalar manya ba ta zama daidai a yatsan jariri. Sai babbar mas'ala da ta shafe mu gaba ɗaya: sinadarin da ke baƙanta fata ya fi shan jan haske a kan na bayan ja, na'urorin kuwa galibi a jikin fararen fata aka daidaita lissafinsu. An yi ishara ga wannan tun 1990, amma sai a Disamba 2020, da likitocin Jami'ar Mishigan ta Amurka suka buga bincikensu, duniya ta farga: a cikin majinyatan da na'ura ta rubuta wa 92 zuwa 96, kusan kashi 12 cikin ɗari na baƙar fata haƙiƙanin oksijin ɗinsu yana ƙasa da 88, alhali a fararen fata bai kai kashi 4 ba. Wannan bai zama hujjar jefar da na'urar ba, domin amfaninta ya rinjayi aibinta nesa ba kusa ba. Abin da ya hukunta shi ne, in ta ce 92 yaro kuwa yana haki haƙarƙarinsa na lotsawa, a gaskata yaron. Kuma hukumomin lafiya na ƙasashenmu su daina karɓar kowace na'urar da ba a gwada ta a kan fata irin tamu ba.

Sauran awon da suka rataya ga haske zan ratsa su da sauri. Ɗan katin gwajin masassara, wanda yanzu ya kai har ƙananan likitocin ƙauye, wani furotin na ƙwayar cutar yake kamawa, jan layin da ke fitowa bayan minti 15 zuwa 20 kuwa launin ƙananan ƙwayoyin zinariya ne da suka taru wuri ɗaya; furotin ɗin yana iya saura a jini makonni bayan an warke, don haka fitowar layin ba ta kore cewa wani ciwon ne dabam ke damun yaro yau. Ƙwayar masassarar ita kanta himoglobin take ci, ta bar baƙin tuka, kuma wannan tuka na cikin abin da ya ja idon Laveran ya gano ta a Aljeriya a 1880. A ciwon sikila, wanda Hausawa ke kira amosanin jini, himoglobin da ya sauke oksijin yana sandarewa ya lanƙwasa ƙwaya. Gwajin Emmel da ake yi a ɗakunan awonmu yana nuna lanƙwasar a madubin likita, amma ba ya raba mai ɗauke da gado kawai da mai ciwon, sai an je ga awon da ke rarrabe nau'o'in himoglobin da lantarki, abin da ya kamata masu niyyar aure su sani. Shawarar jarirai kuma daga rugujewar zoben himoglobin take, ya koma rawayan sinadari mai shan shuɗin haske a wajen 460; tun 1958 aka tabbatar a Ingila cewa shuɗiyar fitila tana farfasa shi a cikin fata jiki ya fitar. A jariri baƙi rawayar ba ta saurin bayyana a fata, sai a duba farin ido da dasashi a hasken rana cikin makon farko, kafin suna.

Bayan duk wannan, na'ura ba ta faɗin sababi. Lamba 6 tana iya zama ta masassara, ko ta ƙarancin ƙarfe a abincin da ya tsaya a kan fura da tuwon gero babu wake babu nama babu ganye, ko ta tsutsar ciki, ko ta tsargiya ga yaran da ke wanka a tabki da madatsun ruwa, ko ta haihuwa kusa-kusa, ko ta sikila, sau da yawa kuma biyu ko uku ne suka haɗu. Shayin da ake sha nan take bayan abinci ma yana rage ƙarfen da hanji ke tsotsa. Rigakafin masassara na damina, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar yin sa a 2012, aka kuma fara shi a Nijar a 2013 da Madawa da Buza cikin gundumomin farko, yana tare ƙofa mafi girma, matuƙar an ba yaro ƙwayoyin kwana ukun cif a kowane zagaye. Haka ƙwayar ƙarin jini da ake ba mata wurin awon ciki, in an shanye ta ba a ajiye a ƙarƙashin katifa ba.

Na'ura kuma ba ta ba da jini. Idan lamba ta fito 3 da tsakar dare a likitar da ke bayan duwatsu, abin da ya rage shi ne mota, da hanya, da jakar jinin da aka riga aka tantance tana jira a firji. A daidai watannin nan kuwa maza suna gona ko suna ƙasar waje wajen bida, uwar da ta kawo yaron tana goyo ko tana da ciki, jininta da ƙyar yake isarta. Yaro mai kilo 10 mililita 200 yake buƙata. Baligi yana da wajen lita 5 a jikinsa, abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, ruwan yana komowa cikin kwana ɗaya zuwa biyu, ƙwayoyin cikin ƴan makonni, kuma ba a ɗiba sai an auna himoglobin ɗin mai bayarwa an ga ya isa; tsoron da ake yi cewa wanda ya ba da jini ƙarfinsa ya tafi ke nan ba shi da asali. A fahimtata wannan al'amari ya shiga babin abin da malamai ke kira farali na kifaya, wanda in wasu sun tsaya da shi ya sauka daga kan saura, in kowa ya juya baya laifin ya hau kan jama'a duka. Ina kira ga limamai da hakimai da masu gari, da samarin fada na Madawa da Buza da Keita, su tsara ba da jini tun watan Yuli, kafin ɗakin yara ya cika; ina kuma kira ga uwaye, duk yaron da ya yi masassara aka ga tafinsa ya yi fari, a kai shi likita a ranar, a roƙi a auna jininsa.